Tun Ran Gini Tun Ran Zane

A cikin watan Fabrairu na shekarar 2022 ne Shugaban Ƙasa na wancan lokaci, marigayi Muhammadu Buhari, ya buɗe filin jirgin sama na Lafiya wanda ke Kwandere, a Jihar Nasarawa. An ɗora harsashin aikin a zamanin Gwamna Umaru Tanko Al-Makura, aka buɗe shi a zamanin Gwamna Abdullahi Sule, da niyyar ya zama tashar jigilar kaya daga jihar da ta yi suna wajen doya da riɗi da ma'adinai. Bayan shekara biyu, wato a 2024, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya aika wa Majalisar Dattawa takardar neman amincewa a mayar wa jihar kuɗin da ta kashe, fiye da naira biliyan 9, saboda komawar filin hannun Gwamnatin Tarayya. Ke nan cikin 'yan shekaru kaɗan gini ɗaya ya ratsa mulkin gwamnoni biyu, ya kuma tashi daga hannun jiha zuwa hannun tarayya.

Ranar da ake miƙa gini irin wannan, abin da idanu ke gani shi ne yanke ƙyalle da musafaha da miƙa makullai. To, amma akwai tambayar da ba a cika yi a wurin biki ba, alhali kuwa ita ce za ta nuna ko dukiyar da aka zuba za ta shekara 30 tana amfani, ko kuwa za ta lalace kafin 10. Ban da makulli, wane sani aka miƙa? Ta ina wayoyin fitilun titin jirgi suka bi a ƙarƙashin ƙasa? Mene ne kaurin kwaltar, kuma wace irin tsakuwa aka shimfiɗa kafin a zuba ta? Ina magudanan ruwa suka nufa in damina ta kankama? Wane kamfani ya ƙera janareto, yaushe aka kafa shi, kuma bayan awa nawa ake juye masa mai? Duk ginin da amsoshin waɗannan tambayoyi suke cikin kan wani injiniya da ya riga ya koma garinsu, ko cikin wata takarda da gara ta cinye a sito, wanda ya karɓe shi ya karɓi rabin kaya ne kurum. Hukuncin ɗaya ne a kan kowane asibiti, kowace gada da kowace makaranta da aka gina da kuɗin jama'a.

Wani zai ce ina ruwan ɗan Arewa mazaunin kurmi da wannan batu. Ruwansa kuwa ya kai har wuya. 'Yan Arewa ne ke ɗauko doya daga Lafiya da kewayenta su kwana a hanya kafin su sauke ta a kasuwar Mil 12 ta Legas ko Bodija ta Badun, don haka duk hanya ko gada ko tashar kaya da ta lalace, a aljihunsu ake fara jin ciwon. Su ne kuma ke haƙa harsashi, su kwaɓa siminti, su hau bene da kwanon kankare a ka, daga Lekki har Fatakwal, kuma sau da yawa su ne ke gadin wurin da dare. In gini ya rufta, a cikin waɗanda ake tonowa ba a rasa su. Bayan haka, kusan kowane ɗayansu yana tara abin da ya samu yana aikawa gida, ana ɗora masa bulo kan bulo a wani fili da bai gani ba sai lokacin salla. Saboda haka duk wani canji a yadda ake zana gini, da yadda ake gina shi, da yadda ake kula da shi, ya shafi ransu da sana'arsu da guminsu.

Canjin da ake magana a kansa shi ne wanda masana gini a duniya ke kira BIM a taƙaice. Da Hausa ana iya ce masa kundin gini na kwamfuta. A tsohuwar hanya, mai zanen gini yakan ja layuka a takarda, mai karatu ne ke fahimtar cewa waɗannan layuka biyu bango ake nufi. Ko da aka koma zane da kwamfuta a shekarun 1980, layukan ne dai aka ci gaba da ja, alƙalami kawai aka sake. A kundin gini kuwa, ana tayar da ginin ne gaba ɗaya a cikin kwamfuta tun kafin a sari ƙasa, kuma kowane abu a ciki yana ɗauke da bayanin kansa. Bango yana ɗauke da tsawonsa da tsayinsa da kaurinsa da irin bulon da za a yi shi da shi. Ginshiƙi yana ɗauke da yawan rodinsa da ƙarfin kankarensa. Famfo yana ɗauke da faɗinsa da inda ya taso da inda ya nufa. Duk taswirorin da ake kai wa magina, na ƙasa da na gefe da na ciki, daga wannan kundi ɗaya ake ciro su. In aka matsar da ƙofa a wuri guda, ta matsa ke nan a dukkan taswirorin, lissafin bulo da na fenti ma ya canja da kansa.

Tunanin ya girmi yawancin masu amfani da shi a yau. A shekarar 1975 wani malamin jami'a Ba'amurke, Charles Eastman, ya wallafa bayanin yadda za a siffanta gini dukansa a cikin kwamfuta. A shekarun 1980 kamfanin Graphisoft na ƙasar Hangari ya fito da manhajar ArchiCAD. A shekarar 2000 aka fito da Revit a Amurka, kamfanin Autodesk ya saye ta a 2002. Abin da ya hana shi bazuwa da wuri shi ne tsadar kwamfuta da ƙarancin ƙarfinta, kuma wannan uzuri ya daɗe da gushewa.

Amfani na farko yana wajen zane. Babban gini ba aikin mutum ɗaya ba ne. Mai zane yana nasa, injiniyan ƙarfin gini yana nasa, na lantarki da na ruwa kowa yana nasa, sau da yawa ma a garuruwa daban-daban. A da, sai an zo wurin aiki ake gane cewa bututun ruwa ya nufi tsakiyar ginshiƙi, ko kuwa hanyar wayoyi ta ci karo da matakala. Daga nan sai a kira lebura da guduma da kurfi, a fasa kankaren da aka zuba jiya, a yanke rodi, a toshe da siminti a shafe. Kuɗi sun tafi, kwanaki sun tafi, ginin kuma ya sami rauni a wurin da ido ba ya gani. A kundin gini ana haɗa aikin kowa wuri guda, kwamfuta ta bi ta fito da duk inda abu biyu suka yi karo, a gyara a kan tebur. Kuskuren da ake gyarawa da danna maɓalli a ofis, shi ne wanda ake gyarawa da buhunan siminti a fili.

Amfani na biyu yana wajen aikin ginin kansa, kuma nan ne ya fi shafar baitulmali. Tun da kowane abu a kundin yana ɗauke da awonsa, ana iya sanin tan nawa na rodi da buhu nawa na siminti aikin zai ci, hawa-hawa, ɗaki-ɗaki. Ana kuma iya ɗaura kowane sashe da ranar da ya kamata a gama shi da kuɗin da zai ci. In ɗan kwangila ya kawo takardar neman biya, mai duba aiki yana da abin da zai gwada ta da shi. In ya zo neman ƙarin kuɗin kwangila, wanda ya zama ruwan dare a ƙasar nan, tilas ya nuna abin da ya ƙaru a jikin ginin, da wanda ya ba da izni, da ranar da aka ba da shi. Kada a manta, a shekarar 2011 kwamitin da Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa a ƙarƙashin Ibrahim Bunu, wanda shi kansa mai zanen gini ne, ya ƙirga ayyukan Gwamnatin Tarayya 11,886 da ba a kammala ba, waɗanda ke bukatar naira tiriliyan 7.78 kafin a gama su. Dalilan wannan hali suna da yawa, amma ba da kwangila kafin a gama zane, da fara aiki ba tare da sahihin lissafi ba, suna sahun gaba.

Akwai kuma batun rai. A watan Maris na 2019 wani bene mai makaranta a samansa ya rufta a Ita-Faaji cikin tsibirin Legas, mutum 20 suka rasu. Ran 1 ga Nuwamba, 2021, bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard na unguwar Ikoyi ya zube, fiye da mutum 40 suka rasa rayukansu, akasarinsu masu neman abincinsu ne a wurin. A watan Yuli na 2024 ginin wata makaranta ya rufta a Jos, mutum 22 suka rasu. Duk lokacin da irin wannan ta auku, masu bincike sukan fara ne da neman abu biyu: abin da hukuma ta amince a gina, da abin da aka gina a zahiri. Kundin da ke rubuta kowane canji, da sunan wanda ya yi shi, yana sa waɗannan abubuwa biyu su kasance a gaban mai duba gini tun ginin yana tsaye. Wanda ya san sunansa zai zauna a jikin kowane rodi da aka rage, zai yi tunani sau biyu kafin ya rage.

Amfani na uku shi ne mafi girma, shi ne kuma aka fi mantawa da shi. Gina filin jirgi aikin 'yan shekaru ne, riƙe shi kuwa aikin zuriya ne. A shekarar 2004 cibiyar ma'aunai ta gwamnatin Amurka ta fitar da rahoto cewa rashin gudanar bayanai tsakanin masu zane da magina da masu gini yana jawo asarar dala biliyan 15.8 a kowace shekara a ƙasar, kuma kashi biyu cikin uku na asarar yana faɗawa ne kan masu ginin da masu kula da shi. In haka ta faru a inda ake adana takardu, sai a kwatanta da inda fayil ke ɓata da zarar an yi wa jami'i canjin wurin aiki. Kundin da aka miƙa tare da gini yana gaya wa mai kula da shi abin da ya mallaka, da shekarun kowane abu, da ranar da za a duba shi, da ranar da za a sake shi. Da wannan ne ake tsara kasafin gyara shekara biyar kafin bukata ta taso.

Ƙasar nan ta ɗanɗana kuɗar rashin yin gyara a kan kari, a harkar jiragen sama musamman. A watan Maris na 2017 aka rufe filin jirgin sama na Abuja har mako shida domin sake titin jirgi, aka karkatar da jirage zuwa Kaduna, kuma hukumomi da kansu suka bayyana cewa titin ya zarce wa'adin shekara 20 da aka yi masa da fiye da shekara 10. A watan Agusta na 2019 aka rufe na Inugu, ba a sake buɗe shi ba sai Agusta na 2020. Titin Kwandere sabo ne, amma shi ma yana da wa'adi, kuma kwanakinsa sun fara raguwa tun ranar da aka shimfiɗa shi. Rana da ruwan sama ba su jiran jirgi ya sauka kafin su ci kwalta.

Ƙasashe da dama sun mai da wannan hanya doka. A shekarar 2011 gwamnatin Birtaniya ta ba da sanarwar cewa daga Afrilu na 2016 duk aikin da gwamnatin tsakiya ta bayar sai an yi shi da kundin gini, wato ta ba 'yan kwangila shekara biyar su shirya. Singafo ta fara da gine-ginen da suka wuce murabba'in mita 20,000 a 2013, ta sauko zuwa 5,000 a 2015. A ƙarshen 2018 hukumar ma'aunai ta duniya ta fitar da ƙa'ida mai lamba ISO 19650 kan yadda za a tsara waɗannan bayanai, a 2020 ta ƙara sashen da ya shafi kula da gini bayan an gama shi, da wanda ya shafi tsaro. Birtaniya ta ƙara ɗaure ɗamara bayan gobarar benen Grenfell a Landan a watan Yuni na 2017, wadda ta ci mutum 72. Binciken Judith Hackitt na 2018 ya nuna yadda bayanan gine-gine ke ɓacewa tsakanin hannu da hannu, dokar 2022 kuma ta wajabta adana su a kwamfuta tun daga zane har tsawon rayuwar dogayen benaye na zaman jama'a.

To, amma fa kada a ɗauka an sami maganin kowace cuta. Sabon layin dogo na Elizabeth a Landan, wanda aka yi ta buga misali da shi wajen amfani da kundin gini, an shirya buɗe shi a Disamba na 2018, bai buɗu ba sai Mayu na 2022, kuɗinsa kuma ya tashi daga fam biliyan 14.8 zuwa sama da 18. Kwamfuta abin da aka ba ta take riƙewa. In aka rubuta mata rodi mai kaurin milimita 16 alhali mai 12 aka ɗaura, za ta adana ƙaryar da kyau, ta kuma miƙa ta ga na baya. Ba ta gwada ƙasa, ba ta ɗanɗana kankare, ba ta kuma hana mai duba aiki karɓar na goro. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Aikin kundin shi ne ya nuna inda tsagar take, toshe ta kuwa sai mutum mai amana.

Akwai kuma wahalhalun da suka keɓanta da ƙasar nan. Manyan manhajojin ana biyan hayarsu ne shekara-shekara da kuɗin waje, suna bukatar kwamfuta mai ƙarfi da wutar da ba ta yankewa. In aka ɗora wannan sharaɗi a kan kowa dare ɗaya, ƙananan 'yan kwangila na gida za su fita daga kasuwa, aikin ya koma hannun manyan kamfanoni 'yan ƙalilan. Haɗari na biyu shi ne gwamnati ta karɓi kundin da ba ya buɗuwa sai da manhajar kamfani guda, ta wayi gari tana biyan haya kafin ta karanta bayanin kayanta. Wannan kuwa yana da magani, domin akwai buɗaɗɗen tsari da ake kira IFC, wanda ya zama ƙa'idar duniya a 2013, kuma akwai manhajojin kyauta masu karanta shi.

Adana sanin gini ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830 zuwa 1840, da tubali da azara, har yau masana gini na duniya suna zuwa kallon bakunansa. Abin da ya riƙe irin waɗannan gine-gine shi ne tsari. Akwai Sarkin Magina, akwai gidajen da suka gaji sana'ar, ɗa yana koyo a hannun uba inda azara ta ratsa da inda ruwa ke kwanciya a kan soro. Kowace shekara kafin damina ana yaɓe, ana gyara indararo, ana shafa makuba. Kundin yana nan, a cikin kawunan mutane yake, kuma ba ya yankewa. Ginin zamani ya zo da kankare da lantarki da 'yan kwangilar da ke tafiya da zarar an biya su, sai sarƙar ta tsinke. Kundin kwamfuta hanya ce ta sake ƙulla ta.

Dokokin da za a jingina wannan aiki a kansu suna nan. Akwai ƙa'idar gini ta ƙasa ta 2006, da dokar sayen kayan gwamnati da ba da kwangila ta 2007, da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. A watan Afrilu na 2022 aka sa hannu kan Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 11, wanda ya ɗora wa ma'aikatu da hukumomin tarayya alhakin kula da gine-ginensu. Sai dai ba a iya kula da abin da ba a san cikinsa ba. Ita kuwa Jihar Nasarawa ta riga ta taka rabin hanya, domin tana da hukumar NAGIS mai adana bayanan filaye a kwamfuta. Jihar da ta iya sanin iyakar kowane fuloti a Karu, ba za ta kasa sanin inda bututu ya bi a asibitinta na Lafiya ba.

Saboda haka abin da ya kamata a yi a fili yake. Na farko, hukumomin jiragen sama na tarayya da Gwamnatin Jihar Nasarawa su tabbatar cewa filin Kwandere yana da cikakken kundi na abin da aka gina a zahiri, kowane ɓangare yana riƙe da kwafi, an kuma naɗa jami'i da sunansa wanda zai riƙa sabunta shi duk lokacin da aka taɓa wani abu. Ginin da aka riga aka gama ma ana iya yi masa kundi, domin akwai na'urorin da ke auna gini da haske su fito da siffarsa, da waɗanda ke gano waya da bututu a ƙarƙashin ƙasa ba tare da an yi haƙa ba. Yin haka yanzu, tun waɗanda suka yi aikin suna raye ana iya tambayarsu, ya fi sauƙi da araha.

Na biyu, Hukumar Kula da Ba da Kwangila ta Tarayya da takwarorinta na jihohi su sa miƙa kundi, a buɗaɗɗen tsari, ya zama sharaɗin biyan kuɗin ƙarshe a manyan ayyuka. A fara da filayen jirgi da asibitoci da gadoji, a ba da wa'adin shekaru kamar yadda Birtaniya ta yi, sa'an nan a sauko a hankali. A rubuta ƙarara a takardar kwangila cewa kundin mallakar gwamnati ne.

Na uku, a raba bayanan gida biyu. Abin da ya shafi tsaron filin jirgi a killace shi. Abin da ya shafi awo da yawan kaya da kuɗin da aka biya kuwa, a buɗe shi ga 'yan majalisa da 'yan jarida da duk mai biyan haraji. Ba daidai ba ne a fake da tsaro a ɓoye lissafi.

Na huɗu, majalisun da ke yi wa masu wannan sana'a rajista, wato COREN ta injiniyoyi da ARCON ta masu zane da CORBON ta magina, su haɗa kai da makarantu. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta daɗe tana yaye masu zane da masana gini da masu ƙididdigar kayan gini. A Jihar Nasarawa akwai Jami'ar Tarayya ta Lafiya, da ta jiha a Keffi, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Isa Mustapha Agwai a Lafiya, da ta tarayya a garin Nasarawa. Abin kunya ne a ce filin jirgi yana bayan gari amma sai an ɗauko mai karanta kundinsa daga Legas ko daga ƙasar waje.

Sauran magana ta koma kan 'yan Arewa mazauna kurmi su kansu. A manyan wuraren gini na duniya, shugaban ma'aikata yana yawo ne da allon kwamfuta a hannu, birkila da kafinta da mai ɗaurin rodi suna duba aikinsu a ciki. Duk inda wannan hanya ta shiga, wanda ya iya karanta ta shi ne ke zama shugaban aiki, wanda bai iya ba ya ci gaba da ɗaukar kwano. Saurayin da ya iya sarrafa wayar hannu, ya kuma shekara biyar yana ganin yadda ake ɗaura rodi, ya riga ya fi ɗan makarantar da bai taɓa taka wurin gini ba sanin abin da ke cikin hoton. Abin da ya rage masa shi ne karatu da lissafi da wanda zai nuna masa. Sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Sabo ta Badun, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa masu tara kuɗi don taimakon juna, suna iya ɗaukar nauyin 'yan samari kaɗan kowace shekara su koyi wannan aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shi kuma mai aika kuɗi gida ana yi masa ɗaki huɗu da zaure, ba ya bukatar manhaja mai tsada, amma darasin ya hau kansa. Ya nemi taswira daga wanda ya san aikin kafin a sari ƙasa. Ya sa a rubuta masa yawan bulo da siminti da rodi na kowane mataki, ya riƙa biya mataki-mataki. Ya sa a ɗauki hoton harsashi kafin a rufe shi, da na rodi kafin a zuba kankare, da na wayoyi da famfo kafin a yi filasta. Ya adana waɗannan tare da takardar fili da rasiɗai a wuri guda, ya ba wani amintacce kwafi. Wannan shi ne kundin gininsa. Zai raba shi da rigima da 'yan'uwa, zai kuma amfani magadansa ranar da suka so ɗora bene a kan harsashin da ba a yi shi don bene ba.

Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane, domin in laka ta bushe ba ta karɓar yatsa. Filin jirgin Kwandere bai tsufa ba, waɗanda suka zana shi da waɗanda suka gina shi ana iya samunsu, kuɗin tattara bayanansa kuma bai taka kara ya karya ba in an gwada shi da naira biliyan 9. Alhakin yana kan hukumomin da suka karɓa da gwamnatin da ta miƙa. Ya rage ga wakilan jama'ar Nasarawa a Majalisar Tarayya da ta jiha su tashi su tambaya a zauren majalisa ko kundin yana nan, a hannun wa yake, kuma yaushe aka sabunta shi.